Tarin Maikoplasma a Tsakanin Yara

Maikoplasma wata ƙaramar ƙwayar bakteriya ce da ke kama maƙogwaro da huhu, kuma abin da ya raba ta da 'yan'uwanta shi ne ba ta da bango, wato ƙaƙƙarfan kwanson da ke lulluɓe jikin yawancin bakteriya. Tun da aikin penisilin da amoksisilin shi ne rushe wannan bango, ba sa yi mata komai, shi ya sa iyaye kan ƙarar da kwalba bayan kwalba daga kemis amma tarin yaro yana nan daram.

Cutar ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15, tana yaɗuwa ta feshin tari da atishawa a cikin aji da ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma takan yi mako 1 zuwa 4 a jiki kafin ta bayyana. Da kasala da ciwon kai da ɗan zazzaɓi take farawa, sannan busasshen tari mai naci ya biyo baya, wanda kan shafe makonni. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne yaron yakan ci gaba da wasa da zuwa makaranta ko da huhunsa ya kamu. 'Yan ƙasa da shekara 5 kuwa sun fi nuna mura, ko amai da gudawa.

Likita yakan tabbatar da ita ta gwajin PCR, wato neman ƙwayar halittar cutar a majinar da aka shafo daga maƙogwaro, wani lokaci tare da hoton ƙirji. Yara da dama kan warke da hutu da yawan shan ruwa, amma idan ta sauka huhu akan ba da azitromisin ko danginsa. Yawan shan wannan magani barkatai ya taimaka wajen sa ƙwayar ta bijire masa a Sin da Japan, don haka bai kamata a saye shi ba tare da umarnin likita ba.

Yaron da ke numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, ko ƙuraje suka fito masa a baki da idanu, a kai shi asibiti a ranar, musamman mai asma ko amosanin jini, wato sikila, domin a wurin mai sikila cutar kan jawo mummunan ciwon ƙirji. Tarin da ya wuce mako 2 kuma, a gwada shi don tarin fuka.