"Ka Gaida Google Kuwa?": Tsokana da Dabarun Bincike a Majalisar Masu Rubuta Manhaja

Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san majalisa: benci ko tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i, a Yakasai ko Mandawari ko Koki, ana shayi ana hira. A 'yan shekarun nan wasu majalisun sun yi sabbin 'yan zama, matasa masu kwamfuta a kan cinya, waɗanda sana'arsu rubuta manhaja. Wasu ɗaliban Jami'ar Bayero ne, wasu sun goge a cibiyoyi irin su Startup Kano da CITAD, wasu kuwa YouTube ne malaminsu. Baƙon da ya zauna kusa da su zai iya ɗauka rigima suke, saboda yadda suke gasa wa juna magana.

Sabon shiga zai matso ya ce, "Yaya, manhajata ta ƙi tashi." Kafin a dubi kwamfutarsa sai a ce, "To Alhaji, ka gaida Google kuwa kafin ka zo gaishe ni?" Mai rubutu da yaren Python yana yi wa mai PHP kallon ɗan zamanin da, shi kuma ya rama da cewa aikinsa ne ke kawo kuɗin cefane. Wanda ya kwana yana neman kuskure, daga baya aka gano waƙafi mai ruwa guda ɗaya ya manta a ƙarshen layi, sai ya yi mako ana kiransa Sarkin Waƙafi. In kuma wani ya ce, "Ai a kwamfutata tana aiki," sai a ce masa to ya naɗe kwamfutar ya kai wa mai aikin.

Bahaushe bai koyi wannan a intanet ba. Akwai wasan taubasai, akwai na Kanawa da Zazzagawa, akwai na Fulani da Barebari, kuma ƙa'idarsu ɗaya: a faɗa maka gaskiya cikin raha, ba ka da ikon fushi. Shi ya sa in Bazazzage ɗan Jami'ar Ahmadu Bello ya faɗo majalisar, sai a ce Turancinsa ya fi manhajarsa tsawo, shi kuma ya ce Bakano bai gama manhaja ba ya riga ya saka maɓallin biyan kuɗi.

Amma a ƙarƙashin dariyar akwai darasi, domin rabin wannan sana'a iya bincike ne. Babu wanda ya haddace yaren kwamfuta kaf. Gwani ya fi sabon shiga ne da sanin abin da zai rubuta a akwatin bincike.

Abu na farko da ake koya wa yaro shi ne ya karanta saƙon kuskuren da kwamfuta ta fitar. A Python, misali, saƙon kan zo da layuka da yawa, kuma na ƙarshe ne ke faɗin ainihin matsalar. Shi za a kwafa, a cire sunan fayil da sunan mai kwamfutar, tunda babu wani a duniya mai irin su, sannan a sa shi tsakanin alamar zancen wani don Google ya nemo kalmomin a jere yadda suke. In sakamako ya cika da abin da ba a nema ba, sai a sa alamar ɗebewa manne da kalmar da ba a so. Wannan na da amfani, don Python sunan maciji ne, yaren Java kuma sunan tsibiri ne a Indonesiya. Rubuta site: da adireshi na tsare bincike a shafi guda, kamar Stack Overflow da aka buɗe a 2008 ko GitHub. Mai neman littafi ko takarda ya ƙara filetype:pdf.

Kwanan wata ma abin dubawa ne. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma amsoshin zamaninsa suna nan birjik, kuma wanda ya kwafe su cikin Python 3 zai iya tuntuɓe tun a layin farko. Ƙara after:2022 a bincike na kawar da tsofaffin.

Inda abin ya fi shafar Bakano shi ne haruffa masu lanƙwasa. A ce matashi ya rubuta wa wani ɗan kasuwar Kurmi manhajar ajiye sunayen abokan ciniki. Aka shigar da Ɗanladi na Ƙofar Mata, da aka buɗe sai ga alamar tambaya a gurbin Ɗ da Ƙ. Dalili kuwa tsohon tsarin ASCII gurabe 128 kawai gare shi, an gina shi ne don Turanci, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Maganin shi ne tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992. Rumbun bayanai na MySQL, wanda matasa da yawa ke farawa da shi, bai mayar da cikakken wannan tsari ya zama na asali ba sai a fitowarsa ta 8.0 a 2018, don haka mai tsohon zubi dole ya saita da hannunsa. Sabon shiga kan ɓata dare yana sa kalmar Hausa a bincikensa, ya samu amsa kaɗan ko babu. Gwani kuwa ya san Baturke da ɗan Biyetnam sun sha wannan wahala da nasu haruffan, sai ya nemi matsalar da sunanta na gama-gari, ya samu amsa nan take. In kuma rubutun Hausa ake nema, a gwada sau biyu, da lanƙwasa da kuma babu, don yawancin masu rubutu a waya ba sa sakawa.

Tun da injin amsa tambayoyi na ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022 tsokanar ta samu sabon salo: "Injin ya rubuta, kai kuma ka sa hannu." Gargaɗi ne a cikin wasa. Injin kan ba da amsa mai kyan gani wadda ba daidai ba, har Stack Overflow ya hana saka amsoshinsa a Disamba na wannan shekarar. Kuma kalmar sirri ko bayanan abokin ciniki ba abin liƙawa a akwatin bincike ko na inji ba ne.

Sai dai wasan na da iyaka. Taubashi kan yi tsokana ne da wanda ya san zai iya ramawa. Yaron da ya sayi data da kuɗin karin kumallonsa, ko yarinyar da ta yi ta maza ta yi tambaya a taron maza zalla, in aka yi musu dariya aka bar su haka, ba lalle su sake tambaya ba. Don haka manyan majalisa, in kun ce wa ƙaninku ya je ya gaida Google, ku jawo kwamfutarsa ku nuna masa abin da zai rubuta.