Cipro ba maganin mura ba ne

Makon jiya mahaifin wani ɗalibina ya shigo makaranta yana ɗingishi. Mura ta kama shi, ya sayi ciprofloxacin wajen mai talla nan Libreville, babu takardar likita. Kwana uku agararsa ta kumbura.

Na ce, "Alhaji, ajiye shi, ka tafi asibiti yau. Bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairas ce." Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin yana iya tsinka agara, musamman ga wanda ya haura 60.

In likita ne ya rubuta maka, kada ka kora shi da nono ko maganin olsa, suna rage ƙarfinsa. Sha ruwa sosai.