Mutanen da tsohuwar ƙidayar Amurka ta lissafa ba tare da suna ba: yaya ake rubuta su a tarihin dangi?

Masu binciken asalin danginsu a Amurka sukan ci karo da wata matsala da zarar sun koma takardun da suka girmi shekarar 1850. Daga ƙidayar farko ta 1790 har zuwa ta 1840, malamin ƙidaya sunan mai gida kaɗai yake rubutawa. Matar gida, 'ya'ya, barori da bayi duk sun zama alkaluma a cikin layuka. A ƙidayar 1790, wadda ta samu mutum kusan miliyan 4, rukuni biyar ne kawai: fararen maza masu shekara 16 zuwa sama, waɗanda ba su kai 16 ba, fararen mata, sauran mutanen da ba bayi ba, sai kuma bayi.

Sai a 1850 aka fara rubuta sunan kowa a gida, in dai ba bawa ba ne. Su kuwa bayi, a 1850 da 1860 an jera su ne a wata takarda dabam ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata. Galibinsu sai a 1870, bayan an soke bauta, sunansu ya shiga ƙidaya.

To me mai bincike zai yi da yaron da takarda ta ce akwai shi, amma ba ta faɗi sunansa ba? In ya bar shi, ya shafe mutum daga tarihi. In kuma ya laƙaba masa suna da ka, ya shuka ƙaryar da na baya za su ci gaba da kwafa.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a buɗe wa kowane irin wannan mutum gurbinsa, a rubuta abin da takardar ta faɗa kurum: namiji, ba a san sunansa ba, yana gidan wane a gunduma kaza a 1820, bai kai shekara 10 ba. Wannan na nufin an haife shi tsakanin 1810 da 1820. Idan a 1830 aka sake ganin namiji a gidan cikin rukunin masu shekara 10 zuwa 15, to haihuwarsa ta koma tsakanin 1815 da 1820. Da wannan za a nemi mai suna a ƙidayar 1850, ko a wasiyya, takardun rabon gado, rajistar aure da ta coci. Bayi sukan fito da sunayensu a lissafin dukiyar mamaci, domin cikin kadara aka saka su.

Akwai tarko biyu. Na farko, ƙidayar 1820 ta ware layi na fararen samari masu shekara 16 zuwa 18, alhali an riga an ƙirga su cikin masu 16 zuwa 26. Wanda bai lura ba sai ya ƙirƙiro wa gida ɗan da babu shi. Na biyu, zama gida ɗaya ba ya nuna haihuwa. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san da agola, ɗan riƙo da almajiri. A Amurka ma akwai marayu, masu koyon sana'a da 'yan haya, kuma sai a 1880 ƙidaya ta fara nuna dangantakar kowa da mai gida. Don haka kalmar "ɗa" ko "mata" ba ta shiga rubutu sai wata shaida ta tabbatar. Kafin nan a sa "mai yiwuwa".

Wannan ƙa'ida za ta yi amfani ga Bahaushen Kamaru, Chadi ko Ghana da ya samu tsohuwar takardar haraji mai sunan kakansa da adadin mutanen gidansa kawai. Ya rubuta adadin yadda yake, da shekara da wurin da takardar ta fito, sannan ya kai wa tsofaffin gida tun suna raye, domin wataƙila su kaɗai suka rage da sunayen.