Hutu A Bakin Teku: Abin Gani Da Abin Ci A Badagiri

Da yawa cikinmu mun sha zuwa Legas fatauci ko taro, amma ba mu taɓa tsayawa mun dubi teku ba. In Allah ya ba iyali zarafin hutu, to, a kama ɗan gida a bakin ruwa a Badagiri, yamma da Legas, kusa da iyakar Seme. Akwai masaukai irin su Whispering Palms a Iworo. Sai dai kada hutun ya ƙare a kwanciya gindin kwakwa, gama garin cike yake da tarihinmu.

A fara da inda itacen Agiya ya tsaya. A gindinsa ne Rabaran Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin bishara a 1842, a nan kuma aka yi Kirsimeti a wannan shekara tare da Henry Townsend. Itacen ya faɗi a 1959, amma an kafa alama a wurin. Daga nan sai benen mishan da Rabaran Gollmer ya gama a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna. Ana ce da shi bene na farko a Nijeriya, ko da yake Bakatsinen da ya san hasumiyar Gobarau zai yi murmushi.

Kashegari da sassafe a shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a bi hanyar da bayi suka bi da ƙafa har bakin teku, inda jirage ke kwashe su, ba dawowa. A tafi da yara su gani, a kuma kai su gidajen tarihi inda aka ajiye sarƙoƙin. Garin da aka sayar da mutane, ta nan bishara ta shigo. Gani ya kori ji.

Batun abinci kuwa, ba sai an dogara ga ɗakin cin abincin masauki kaɗai ba. A rumfunan bakin ruwa ana gasa kifi da barkono, ga kaguwa da jatan lande, ga ruwan kwakwar da za a fasa a gabanka. A yi ciniki kafin a ɗora kifi a wuta. Uwargidan da ke son girki da kanta sai ta leƙa kasuwar Agbalata ta sayo kifi da garin rogo.

Gargaɗi na ƙarshe: teku ba kogin Kaduna ba ne. Igiyar ruwa takan ja mutum ciki ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. A riƙe hannun yara, kada kowa ya shiga da dare, a kuma ji maganar masunta. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.