Kunnen Yaro da Koyon Karatu a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno. Aikin auduga na Jazira, wanda ya kankama a 1925, ya ƙara jawo Hausawa, musamman masu niyyar Makka. Yaran waɗannan ƙauyuka da Hausa suke tashi, amma da Larabci suke fara karatu.

Masana sun daɗe da nuna cewa yaron da ke iya rarrabe sautukan kalma ya fi saurin karatu. Binciken Bradley da Bryant a Ingila (1983) shi ne sananne a wannan fanni. Tambayarmu ita ce: wane guzuri ɗan Bahaushe ke zuwa da shi?

Da farko, tsawon wasali. Yaro ya san bambancin gari (birni) da gaari (na tuwo) tun bai riƙe allo ba. Rubutun boko ba ya nuna wannan, amma Larabci na nuna shi da alif, waw da ya. Haka kuma wanda ke rarrabe mana da manna ya riga ya san aikin shadda, don haka darasa da darrasa ba za su ba shi wuya ba, muddin malami ya fara daga Hausar. Ɗalibai su lura, wannan sani a kunne yake. Sai an ja hankalin yaro gare shi yake zama makami.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen baƙaƙe. Kunnen Bahaushe na jin sin da sad da tha duk a matsayin s, shi ya sa kurakuran imla suka fi taruwa a nan. Ƙaf kuwa ta fi rikitarwa: a kasuwa ana cewa gaal, a littafi ƙaala, yaron kuma yana da tasa ƙ ta gida. Harafi ɗaya, furuci uku. Malamin da ya ɗauki wannan a matsayin daƙiƙanci bai yi wa yaron adalci ba.

Karin sauti, wanda ya raba kukan yaro da kukar miya, ba shi da gurbi a rubutun Larabci, sai a ajiye shi gefe.

A makarantar allo, wadda a Sudan ake ce wa halwa, ana koyar da babbaƙu kafin farfaru, wato baƙi tukuna, sannan wasali. Wannan ya dace da gaɓar Hausa, wadda kullum da baƙi take farawa.