Ruwan da rana ke sha a otel-otel na Yamai

Duk wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan otel-otel na Yamai a watan Afirilu, ya tarar da tafkin wanka shuɗi cike fal, da wuya ya tambayi kansa inda ruwan ya fito. Daga kogin Isa yake, ta matatun Gudel da Yantala, wato tukunya guda ce da wadda matan unguwanni ke jira da bido a bakin famfo. Tafkunan nan kuwa sun ƙaru tun taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019, lokacin da aka buɗe Radisson Blu da Noom da Bravia.

Bari mu yi lissafi. Tafki mai tsawon mita 25 da faɗin mita 10, in rana da iska suka rage shi da santimita 1, lita 2500 ke nan suka tafi, bido 100 masu lita 25. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matacin yashi, dole a wanke shi, a zubar da ruwan.

A nan ne sababbin na'urori ke da rana. Akwai wadda ke auna sinadarin kulorin da tsamin ruwa dare da rana, ta zuba daidai gwargwado, maimakon ma'aikaci ya kwarara da ka har ruwa ya ɓaci a sake sabo. Akwai mai lura da matacin, ba a wanke shi sai ya toshe da gaske. Injin juya ruwa mai sauya gudu, in aka rage gudunsa da rabi, wutar da yake ci na iya sauka kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ma'aunin da ke aika saƙo a salula kuma yakan tona asirin yoyon da aka daɗe ana ɗora wa rana laifinsa.

Amma fa, jama'a, na'ura ba ta hana tururi tashi. Murfi ke hanawa, shimfiɗar roba da ake ja bisa tafki bayan baƙi sun fita. Mai otel da ya sayi na'ura ya bar tafki buɗe, ya sayi mai ba shi labarin asararsa ne kawai. Dattawan Yamai ba su manta 1985 ba, shekarar da kogin Isa ya daina gudu a gaban birnin.