Fito: Daga Bakin Gulbi Zuwa Bakin Iyaka

Adar ƙasar duwatsu ce da tudu, ba ta da kogin da ke gudu rani da damina. Duk da haka, kalmar masu jirgin ruwa, wato fito, ta zauna daram a bakin mutanen Tawa.

A asali, fito shi ne ƙetarar da mutum, dabba ko kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Jirgin da ake aikin da shi jirgin fito ne, ladan kuma kuɗin fito. A bakin Kwara, kamar Yawuri da Gaya, sana'a ce ta gado, tana ƙarƙashin Sarkin Ruwa, kuma akwai ƙa'ida: ba a ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa, ba a tashi in iska ta taso. Mutanen Yamai ma da fito suke haye kogi kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970.

Adarawa sun san aikin a ƙaramin ma'auni. Tafkin Tabalak, mai nisan kilomita kusan 50 arewa maso gabas da Tawa, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2005, yana da masunta da kwalekwalensu. In damina ta yi albarka, kwarin Majiya ya cika ya yanke hanya, sai samari masu iya ruwa su riƙa ƙetarar da mutane da kayansu.

Da gadoji suka yawaita, sai kalmar ta hau tudu. Yau in ka ji ana zancen fito tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya, ana nufin shigar da kaya ta ɓarauniyar hanya, a bayan idon duwan da kwastan. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, fiton shinkafa a kan babura ya bunƙasa ƙwarai. Hanyar Agadas kuwa, wadda ta ratsa Tawa da Abalak, ita ke kai matasa hannun direbobin da ke ƙetarar da su Sahara zuwa Libiya. Wata dokar Nijar ta 2015 ta hana wannan sana'a, sannan aka soke ta a Nuwamba 2023.

Abin da ya ɓace a hanya shi ne amana. Mai fito na dā an san gidansu, in jirgi ya kife akwai wanda zai tsare shi da tambaya. Wanda ya zubar da fasinja a tsakiyar hamada kuwa, sau da yawa ba mai tambayarsa. Tun da hukuma ta sake halatta jigilar, ya kamata ta maye gurbin Sarkin Ruwa: a san direba da motarsa, a ƙidaya waɗanda ya ɗauka, a kuma tabbatar ya sauke su da rai.